Lafiya Lau, Likita

"Ki matsa mana! Ko so kike in zauna a cinyarki?"

Umma ta matsa, ko da yake babu wurin matsawar. Bencin asibitin na mutum biyar ne, ga su su bakwai a kai, kowa ya rungume katinsa. Matar da ke gefenta ta saci kallon mai tsawar, ta kalli Umma, sannan ta mayar da ido kan takalmanta. Umma ta san wannan kallon. Wata goma sha huɗu ke nan tana shan sa a bas, a kasuwa, har a ƙofar gidanta.

"Zafi ne ke damunsa," ta ce wa matar a hankali, alhali ba wanda ya tambaye ta.

Mijin nata ya zauna yana huci, yana kaɗa ƙafa. Wanda bai san shi ba sai ya rantse da wannan hali aka haife shi. Nan kuwa shi ne mutumin da layinsu kaf ke kira Sannu-Sannu. Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa, shekara talatin yana yi a ɗan shagonsa na bakin titi. Tela zai shigo da kan keke a kafaɗa, yana kumfar baki wai masu kaya sun hana shi sakat, shi kuwa sai ya jawo masa kujera ya ce, "Sannu-sannu dai, bari mu ji abin da ke damunta." Sai ya juya tayar keken da ɗan yatsa ya kara kunne. Shekara ashirin da bakwai Umma ta yi da shi ba ta taɓa jiyo muryarsa daga ɗaki zuwa ƙofar gida ba. Har tsokanarsa take yi, wai ko kaza ya tarar a kan gadonsa sai ya ba ta haƙuri kafin ya kwanta.

Yau ce rana ta ƙarshe da za ta rako shi. Jakarta na ƙarƙashin gado tun kwana uku, ta tura ta can ƙurya. Motar ƙarfe huɗu za ta bi zuwa garin da ɗansu Dogo yake aiki. Ta riga ta yi magana da ƙanwar mijin, wadda za ta zo da yamma ta karɓi kati da kwalin magani da 'yar takardar da Umma ta rubuta: ɗaya da safe, ɗaya bayan abincin dare, ko sau ɗaya kada a tsallake. Shi dai ba ta gaya masa ba. Ba rigima za ta yi ba, ba kuma saki take nema ba. Gajiya ce kawai ta yi, irin wadda barci ba ya maganinta.

Abin ya faro ne shekara uku da suka wuce, ranar da babur ya kwashe shi a bakin titi kansa ya daki dakalin kwata. Ya yi jinya ya warke, ya koma shago da halinsa na da. Sai bayan shekara ɗaya da rabi, wata safiya ya yanke jiki ya faɗi tsakanin kekunan mutane, jikinsa na kakkarwa, ya ciji harshensa har jini. A faɗuwa ta uku aka kawo shi nan. Likita ya ce farfaɗiya ce, tabon da buguwar ta bari a ƙwaƙwalwa ne ya jawo ta. Aka rubuta masa wata farar ƙwaya, aka ƙara ƙarfinta bayan wata guda, tun daga nan bai sake faɗuwa ba. Umma ba ta wasa da ƙwayar nan. Ita ke ɓallo ta, ita ke miƙa ruwa, ba ta matsawa sai ta ga maƙogwaronsa ya motsa.

Faɗuwa ta tafi, sai wani abu ya shigo gidan. Mako biyu da fara magani ya yi jifa da kofin shayi don ya ƙona masa leɓe. Umma ta yi dariya a ranar, ta ɗauka wasa ne. Bayan nan dariya ta ƙare. In ƙofa ta yi ƙara, faɗa. In ta yi magana, ta cika surutu, in ta yi shiru, raini ne. Wani tsohon tela da suka yi shekara ashirin tare ya ce masa zare na tsinkewa har yanzu, sai ya ɗauki kan keken ya dire masa a tsakiyar titi. Teloli suka fara kai aikinsu wani wuri. Sai kuma ranar Dogo. Yaron tun da ya gama makaranta yake shagon tare da ubansa, hannunsa ma ya fi na uban sauri. Ƙusa guda ya jefa a gwangwanin da ba nata ba. A gaban mutum huɗu uban ya ɗauke shi da mari, saurayi ɗan shekara ashirin da biyar, ya ce masa tun yana yaro ba shi da amfani, ya fita kada ya sake ganinsa. Dogo ya ajiye sukundireba a kan tebur ya fita. Wata takwas ke nan, bai sake tako gidan ba.

Duk wannan, ko kalma ɗaya ba ta taɓa shiga ɗakin likita ba. Sau biyar suna zuwa. Tsohon likitan, mai yawan jama'a da ƙarancin lokaci, tambaya uku gare shi, kuma kansa a sunkuye yake yin su. Ya sake faɗuwa? Yana shan magani? Akwai wata matsala? Umma ce ke amsawa, don kada mijin ya buɗe baki a ji kunya. "Bai faɗi ba. Yana sha. Lafiya lau, likita." A gidan da ta tashi ba a kai aibin miji waje, balle a gaban baƙo, balle yana zaune a gefenka. Ban da haka ma, a ganinta ta raba abin daidai: faɗuwa ta likita ce, hali kuwa na cikin gida ne. Me ya haɗa likita da fasasshen kofi?

Wajen ƙarfe sha ɗaya nas ta leƙo ta kira lambarsu.

Ba tsohon likitan ba ne a kujerar. Wata matashiya ce mai tabarau, da ƙyar in ta girmi Dogo da shekara biyar. Ta gaishe su, ta buɗe fayil, ta karanta shi tun daga shafin farko, abin da Umma ba ta taɓa ganin an yi ba. Fanka na juyawa a sama, tana ɗaga gefen takardun.

"Baba, ya ƙarfin jiki? Kun sake faɗuwa?"

"Bai faɗi ba," in ji Umma.

"Mama, bari Baba ya amsa da kansa. Baba, barci fa? Kuna samu?"

"Ina samu."

"Jiri? Ciwon kai? Ko kasala da rana?"

"Babu."

"Zuciya fa? Kuna jin ranku na yawan ɓaci, ko abu kaɗan ya..."

Ya buga tafin hannunsa a kan tebur, har biro ya gangara ƙasa. "Ke yarinya, tun asuba muke kan benci! Magani muka zo karɓa ko shari'a? Rubuta mu tafi!"

Umma ta sunkuya ta ɗauko biron, kunya kamar ta nutse. Likitar kuwa ko gezau. Ta karɓi biron ta yi godiya, ta cike wata 'yar takarda ta miƙa masa.

"Gaskiyarku, Baba, an daɗe da ku. Ku kai wannan ɗaki na shida a ɗebi jini, kafin ku dawo na gama rubutu. Mama za ta jira ku a nan."

Ya fizgi takardar ya fita. Likitar ta tashi ta tura ƙofa, ta dawo ta cire tabarau.

"Mama, da ma can haka yake?"

"Zafi ne, likita. Ba ya son zafi."

Likitar ta ɗaga kai ta kalli fankar, ta sake kallon Umma. Umma ta ji kunyar maganarta.

"Ba gulma nake nema ba, Mama, aikina ne. Bari in gaya miki dalili. Ƙwaƙwalwar mutum da wata 'yar wuta take aiki, irin ta lantarki, kowane saƙo yana bin hanyarsa kaɗan-kaɗan. In mai farfaɗiya zai faɗi, wutar ce ke tashi gaba ɗaya a lokaci guda. Magani ba ya goge tabon da ke kan Baba, kwantar da wutar kawai yake yi, shi ya sa ake sha kullum. To amma in ya shiga kai ba wurin tabon kaɗai yake tsayawa ba. Akwai wanda ke sa barci, akwai mai sa jiri, akwai mai sa ƙiba ko rawar hannu. Wannan da Baba ke sha magani ne mai kyau, mutane da yawa na shan sa ba su ga komai ba. Amma wasu yakan kawo musu zuciya kusa. Mutumin da ba a taɓa jin kansa ba sai ya koma abu kaɗan ya harzuƙa, har iyalinsa su kasa gane shi. Shi ya sa nake tambaya. Yaushe ya fara?"

Umma ta buɗe baki, amsar da ta saba bayarwa ta zo har leɓenta, sai ta kasa fitowa. Ta ji kamar an janye kujerar da take kai.

"Mako biyu," ta ce. "Mako biyu da fara sha."

"Da aka ƙara ƙarfinsa fa?"

"Sai abin ya ƙaru."

"Bayan haɗarin babur ɗin, kafin magani, yana faɗa?"

"Ko kusa. Likita, mutumin nan Sannu-Sannu ake ce masa."

Daga nan bakinta ya buɗe. Ta faɗi kofin, ta faɗi tsohon tela, ta faɗi ranar da ya kira ta da sunan da ba za ta iya maimaitawa ba don ta sa masa takalmi a inda ba ya so. Ta faɗi marin Dogo. Tana faɗa tana share ido da gefen mayafi, tana mamakin yadda abin da ta yi wata goma sha huɗu tana dannewa bai ci minti biyar ba wajen faɗa. Likitar na rubutawa, ba ta katse ta ba.

"Ba zan ce miki duka laifin magani ne ba," in ji likitar da ta gama. "Ciwon kansa yakan taɓa hali, damuwa ma haka. Sai mun canja mun gani. Amma yadda kika ba ni lokutan nan, ina kyautata zaton shi ne."

"Ana canjawa?"

"Sosai. Muna da wasu."

Akwai tambayar da Umma ta san bai kamata ta yi ba, don amsarta ba za ta amfane ta da komai ba. Ta yi ta duk da haka.

"Da na faɗa tun zuwanmu na farko fa?"

Likitar ta ɗan jinkirta. "Da an gwada masa wani tun lokacin."

"Tun kafin yarona ya bar gida ke nan."

"Mama, mu ma da namu laifin. Kamata ya yi a gaya muku tun ranar da aka rubuta shi, a kuma yi miki tambayar da kyau."

Yarinyar kirki ce, so take ta rage mata nauyi. Sai dai Umma ta san abin da likitar ba ta sani ba. An gaya mata. A wata na biyu da fara magani Dogo ya same ta a kicin, riƙe da siririyar takardar nan da ake naɗewa a cikin kwali, mai rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi. Ya ce, "Umma, kin ga nan? An rubuta yana iya sa fushi. Don Allah in kun koma ki gaya wa likita yadda Baba ya zama." Ita kuwa ta fizge takardar ta ce, "Ubanka kake so a rubuta a fayil cewa ya taɓu? Kada in sake ji." Ashana ta yi mata gardama a ranar, da takardar ta kunna risho. Ta tuna har yadda ta ci wuta da sauri.

Baƙin ciki ya kama ta. Ba haushin miji ba ne wannan karon, ba na tsohon likita ba ne, nata ne ita kaɗai. Sau biyar ana miƙo mata ƙofa tana turawa ta rufe, kuma tana ganin kirki take yi.

"To yau sai ya daina sha?" ta tambaya.

"A'a! Kada ku kuskura. In aka yanke irin wannan magani farat ɗaya, faɗuwar na iya dawowa fiye da da, har ta ƙi tsayawa. A hankali za mu bi." Likitar ta jawo farar takarda ta ja layuka da biro. "Mako shida. Sabon yana hawa kaɗan-kaɗan, tsohon yana sauka. Ga na safe, ga na dare, kowane mako da nasa. A tsakanin nan zai iya faɗuwa, don haka kada a bar shi shi kaɗai, kada ya hau wuri mai tsawo. Sabon kuma nasa abin lura ƙuraje ne. In kin ga sun feso masa, ko zazzaɓi, ko bakinsa ya yi gyambo, a ranar za ki kawo shi, kada ki jira ranar kati. Fushin ma ba gobe zai tafi ba. Wa ke zaune da shi a gida?"

Umma ta kalli agogon bango. Sha biyu saura kwata.

"Akwai mutane," ta ce.

Ya dawo da auduga manne a gwiwar hannu. Likitar ta yi masa bayani a taƙaice, cikin ladabi, ya saurara fuska a murtuke. Suka fito baranda, inda layin karɓar magani ya miƙe har bakin matakala.

"Me kika gaya mata?"

"Duka."

"Duka me?"

"Kofin. Da tela. Da Dogo."

Sai ya hau faɗa. Wai ta tona masa asiri a gaban yarinyar da ya haifi kamarta, wai da ma jira take ta samu mai saurare, wai munafunci ne ya sa take binsa asibiti. Muryarsa ta cika barandar. Masu layi suka juyo, wata nas ta tsaya da tire a hannu. Umma ta tsaya tana kallonsa: jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa kuwa, abin da ba ta taɓa lura ba, idon mai jin tsoro ne. Wani dattijo a layi ya ce mata, "Baiwar Allah, lafiya?" Ba ta kawo zancen zafi ba. Ta ce, "Magani ne bai karɓe shi ba, yau za a canja." Dattijon ya ce Allah ya sawwaƙe, ya matsa musu suka shiga gabansa.

A bas suka samu kujerar baya. Ledar magani na cinyarta, kwali biyu yanzu maimakon ɗaya. Bas ta bi ta gaban shagonsa, ƙofa a rufe, allon da Dogo ya zana masa keke a kai ya fara koɗewa. Ya bi shagon da kallo har ya ɓace.

"Ina jin kaina fa," ya ce, ƙasa-ƙasa, ba tare da ya juyo ba.

"Na'am, Malam?"

"In ina faɗan nan, ina ji. Kamar wani ne ya ari bakina, ni kuma ina gefe ina kallo. In ya wuce sai kunya ta hana ni ba da haƙuri, kunyar kuma ta sake zama fushi." Ya murza audugar da ke hannunsa. "Mahaifina haka yake. Tun ina yaro na yi alkawari ba zan zama shi ba. Da abin ya zo sai na ce to, ashe jini ne, ɓoyewa kawai na yi shekara hamsin, tsufa ya fito da shi."

Ita Umma tana zaton ita kaɗai ke zaune da baƙo a gidan, ashe shi ma da baƙon yake kwana yake tashi, har ya yarda cewa shi ne.

Ƙarfe biyu da rabi suka isa gida. Ta ɗora masa ruwan wanka, ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Har yanzu ba ta yanke shawara ba. Ƙanwarsa na iya bin takardar likita, ta iya karatu. Wata goma sha huɗu kuma ba sa gogewa don an samo musu dalili, maganganun da ya gaya mata suna nan a kunnenta, ko wa ya ari bakin. Ta durƙusa ta jawo jakar daga ƙarƙashin gado.

Hannun jakar ta fara gani. Tsohuwar jaka ce, hannunta ya daɗe da sakewa ta gefe ɗaya. Yanzu an ɗinke shi da baƙin zare mai kauri, layi biyu, an sa 'yar fata a ciki don ƙarfi. Ɗinkin a jere yake, kowane taki daidai da ɗan'uwansa. Ko cikin dubu ta san wannan hannun.

"Ya kusa tsinkewa," ta ji an ce daga bakin ƙofa. "Da ba zai kai ki tasha ba."

Yana tsaye da tawul a kafaɗa, bai shigo ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Shekaranjiya. Takalmi na sunkuya nema."

"Kuma ba ka ce komai ba?"

"Tsoron buɗe baki na ji, Umman Dogo. Ban san abin da zai fito ba."

Rabon da ya kira ta haka har ta manta. Ta zauna daɓas a ƙasa, jakar a gabanta, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar marin, ba ta yi ba ranar da ɗanta ya fita da kayansa. Ya tsaya yana kallonta, ya ɗaga hannu kamar zai matso, ya fasa, ya wuce banɗaki.

Da ta gama ta wanke fuska. Ba ta zazzage jakar ba, ta dai mayar da ita inda take. Ta samo ƙusa ta kafe takardar likita a bango kusa da madubi, ta ɓallo rabin sabuwar ƙwayar kamar yadda layin farko ya nuna, ta ajiye a murfin kofi don dare. Ta aika wa ƙanwarsa cewa ba sai ta zo ba. Sauran waya ɗaya, ita ce mai wuyar. Sai da ƙarfe huɗu ta gota sannan ta fita tsakar gida ta kira.

"Umma, kin shiga mota?" in ji Dogo. Ana jin ƙarar injina a bayansa.

"Ban shiga ba."

"Hana ki ya yi? Umma, ya taɓa ki ne?"

"A'a. Nemi wuri ka tsaya, magana zan gaya maka."

Ta gaya masa sabuwar likita, da 'yar wutar ƙwaƙwalwa, da mako shida. Ta gaya masa abin da uban ya faɗa a bas.

"Takardar nan da ka kawo mini kicin," ta ce. "Gaskiyarka ce. Ni ce ban ji ba. Ka yafe mini."

"Haba Umma. Ya wuce."

Da ya yi mata gori da ta fi samun sauƙi. Bai yi ba, halin ubansa na da ya ɗauko.

"To Allah ya ba shi lafiya," ya ce. "Ki kula da zancen ƙurajen nan."

"Yana nan ciki. In kai masa wayar?"

Ta duba wayar ko layin ya yanke, sai ga muryarsa.

"Umma, kin lura kullum da kunnen dama nake amsa waya? A'a, ba za ki gani ba. Na hagun tun ranar nan bai koma daidai ba. Na je an duba, an ce dodon kunnen ne ya fashe, ya haɗe amma jin ya ragu. Ban gaya miki ba don kada hankalinki ya tashi."

Umma ta dafa bango.

"Na ji magani ne," in ji Dogo. "Na yarda, tun da ni na fara faɗa. Amma hannunsa ne, Umma. Ki ba ni lokaci. Ba yau ba."

Da ta sauke wayar ta juya, sai ta gan shi a ƙofar ɗaki. Ya yi wanka ya sa rigar fita, har da hula, kamar wanda zai karɓi baƙo. Ya ji ta ambaci wayar, ya goge tafin hannunsa a jikin riga yana jira a miƙo masa.

"Me ya ce?"

Amsa na nan a shirye, mai laushi, wadda ba za ta tayar da ƙura ba: yana gaishe ka, aiki ne ya yi masa yawa, zai kira. Da jiya ne da tuni ta faɗe ta. Ta san kuma tsohuwar ƙwayar na nan a jininsa, gaskiya na iya sa ya birkice mata yanzun nan.

"Ya ce ba yau ba."

Ya sauke hannunsa a hankali. Ya gyaɗa kai, ya cire hular ya riƙe.

Umma ta jawo kujera biyu zuwa inuwa, ta ajiye su suna fuskantar juna.

"Zauna, Malam," ta ce. "Akwai saura. Zancen kunnen yaron ne."